Ina jin mantuwa tana ƙaruwa a kaina, amma likita ya ce na ci gwaji

Mai Albasa, Mile 12:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa sa baki ba, amma yau larura ta kawo ni, domin abin da ke damuna na kasa faɗa wa ko mai ɗakina, kuma na lura akwai likitoci da masu ilimi a cikinku.

Shekaruna 63, kuma na shafe 34 daga cikinsu ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Tun ina yaron wani har na kai ga sauke mota daga Aliero da kaina, ban taɓa riƙe littafin bashi ba. Mutum arba'in za su ɗauki kaya a hannuna, wannan buhu biyu, wancan buhu bakwai, wata ta biya rabi ta bar rabi sai ranar Juma'a, kuma duk lissafin yana kaina babu kuskuren ko sisi. Ba yabon kai nake yi ba, ina so ne ku san yadda nake a da.

Kimanin shekara biyu ke nan na fara jin abin ya canza. A watan jiya wata mata mai shago a Ketu, wadda muka fi shekara goma muna ciniki, ta kawo mini cikon kuɗin buhu uku. Na karɓa na yi godiya, amma har ta bar rumfar ban tuna ranar da na ba ta kayan ba, sai da yarona ya ce ai ranar da aka kwana ana ruwa ne mota ta makara. Da ya faɗi haka sai komai ya dawo mini. A sallah ma sujudar ba'adi ta yi mini yawa, domin nakan tsaya ina kokwanto ko raka'a uku na yi ko huɗu. Idan zan kira jika sai na ambaci sunan biyu kafin in kai kan wanda nake nufi. Ban taɓa ɓacewa a hanya ba, daga Agege zuwa kasuwa ko ido rufe zan je, kuma ciniki bai tsaya ba.

Na je wani asibitin kuɗi. Likitan ya ba ni kalmomi biyar ya ce in riƙe, ya sa na zana agogo, ya ce in dinga cire bakwai daga ɗari. Ya ce na sami 27 cikin 30, lafiyata lau, gajiya ce da shekaru. Na fito ban gamsu ba, domin ni na san wanda nake a da.

Abin da ya hana ni barci shi ne mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Gigin tsufa ya kama ta bayan ta haura shekara 78, kuma kafin rasuwarta da sunan ƙaninta take kirana. Yanzu ɗana da ke karatu a Ingila ya ce an fito da gwajin jini da ke nuna cutar tun kafin ta bayyana. Ina roƙon wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya: abin da nake ji a kaina alama ce ko waswasi ne, kuma ya kamata in nemi wannan gwajin jinin ko da za a kai shi waje?

Likita, Surulere:

Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Hajiya mahaifiyarka. Ni likita ne a ɓangaren ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma abin da zan rubuta bayani ne kawai, ba zai tsaya a madadin a duba ka ido da ido ba.

Yana yiwuwa kai da likitan da ya duba ka duka kuna da gaskiya. Irin gwajin da ka kwatanta, mai maki 30, a Kanada aka tsara shi, kuma galibi daga maki 26 zuwa sama ana ɗaukar mutum lafiyayye. Amma gwajin yana auna ka ne da sauran jama'a, alhali kai kana auna kanka da Alhajin shekara goma baya. Mutumin da ya saba riƙe bashin mutum arba'in a kansa zai iya sauka sosai daga inda yake, kuma har yanzu yana sama da layin da gwajin ya shata. Saboda haka ba zan ce maka waswasi ne ba. Wannan hali sananne ne a wurin likitoci, kuma a shekarar 2014 wani rukunin masana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Frank Jessen na ƙasar Jamus suka yi ittifaƙi a kan siffarsa: mutum ya daɗe yana jin fahimtarsa ko riƙonsa yana raguwa, alhali gwaji bai kama komai ba.

Da aka tattara binciken da ya bi irin waɗannan mutane shekara da shekaru, an ga haɗarin kamuwarsu da cutar mantuwa ya kai kusan ninki biyu na tsaransu marasa wannan koke. Ka riƙe wannan, amma ka riƙe ɗaya ɓangaren tare da shi: a kowace shekara kimanin mutum 2 ne cikin 100 daga cikinsu ke kaiwa ga cutar, kuma mafi yawansu ba sa kaiwa. Abubuwan da ke sa mu ƙara sa ido su ne idan abin ya fara bayan shekara 60, idan ya fara a cikin shekara biyar da suka wuce, idan mutum yana jin ya fi tsaransa mantuwa, da kuma idan wani na kusa da shi ya tabbatar cewa shi ma ya lura. Wasu daga cikin waɗannan sun shafe ka, shi ya sa nake ganin a bi lamarinka a hankali. Akwai kuma abu guda a labarinka da ya kwantar mini da hankali. Da yaronka ya ambaci ruwan sama da makarar mota, cinikin ya dawo maka. Wannan yana nuna an ajiye abin a ƙwaƙwalwa, ɗauko shi ne ya yi nauyi. A cutar Alzaima kuwa, wato nau'in cutar mantuwa da ya fi yawa, ajiyar ce kanta take lalacewa, ko an tuna wa mutum sai ya rantse ba a yi ba.

Game da gwajin jini, sai na ɗan koma baya. A shekarar 1906 likitan nan Bajamushe da cutar Alzaima ta ɗauki sunansa ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu tana da shekara 55, ya ga abubuwa biyu da har yau su ne tambarin cutar. Na farko dunƙulen wani furotin ne da ake kira amiloyid, wanda ke taruwa a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Na biyu wani furotin ne mai suna tau, wanda ke cukurkuɗewa kamar zare a cikin ƙwayoyin su kansu har ya kashe su. Amiloyid yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin kowa ya ga alama. Tau yana biyo baya, kuma shi ne yaɗuwarsa ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da mantuwar. Yakan fara ne daga yankin da ke ɗaukar sabon abu ya adana, wato hifokamfas da kewayensa, shi ya sa tsohuwa za ta ba ka labarin aurenta dalla-dalla amma ta manta ta ci tuwo ɗazu.

A da ba a ganin waɗannan abubuwa a jikin mai rai sai da wani hoton ƙwaƙwalwa na musamman da ake kira PET, ko a ɗebi ruwan da ke zagaye laka da allura ta gadon baya. Abin da ɗanka ya ji gaskiya ne: yanzu ana iya auna wani nau'in tau a jini, wanda ake kira p-tau217, kuma a watan Mayun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko irin wannan. Sai dai ta amince da shi ne don manyan mutane waɗanda alamun raguwa suka riga suka bayyana a kansu, a hannun ƙwararren likita. Ba a yi shi don tantance masu lafiya ba, kuma akwai dalili. Mutane da yawa suna ɗauke da amiloyid hankalinsu garau: kimanin 1 cikin 10 a shekara 50, fiye da 4 cikin 10 a shekara 90, kuma da dama daga cikinsu za su koma ga Allah ba tare da mantuwa ta kama su ba. Ciwon ƙoda ma yana iya ɗaga adadin a jini. Ga shi kuma yawancin waɗanda aka gwada ingancin gwajin a kansu Turawa ne. Idan sakamako ya fito yau ya ce kana da shi, ba zai faɗa maka shekarar da abin zai fara ba, ko ma zai fara.

Ka kuma sani ba kowace cutar mantuwa ce Alzaima ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Mai bi mata ita ce wadda ke zuwa daga lalacewar ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, wadda hawan jini da ciwon suga ke haifarwa a hankali ba tare da mutum ya shanye ba. Gwajin jinin da ɗanka ya ambata ba ya ganin wannan, amma hoton MRI yana ganinta, kuma ana yin sa a nan Legas. Don haka ina tambayarka, Baba: kana da hawan jini ko ciwon suga, waɗanne magunguna kake sha, kuma awa nawa kake barci?

Mai Albasa, Mile 12:

Na gode, Likita, Allah ya saka da alheri. Hawan jini ya kai shekara goma, amma gaskiya ba na shan maganin sai na ji kaina ya yi nauyi. Ciwon suga shekara shida, ina shan metfomin safe da yamma. Barci kuwa da wuya ya wuce awa huɗu, domin motoci da dare suke shigowa, ina cin goro in jira su. Idan na kasa barci nakan sha Piriton.

Mai Harhaɗa Magunguna, Obalende:

Ranka ya daɗe Alhaji, da na karanta amsarka ta biyu sai na ga kusan kowane layi a cikinta yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma duk abubuwa ne da ake gyarawa.

Metfomin magani ne mai kyau kuma kada ka daina shi, amma wanda ya daɗe yana shan sa yakan sami ƙarancin bitamin B12, domin maganin yana rage yadda hanji ke tsotsar sa. Ƙarancin B12 yana kawo mantuwa, da kasala, da jin tafin ƙafa kamar ana tsira allura ko kamar an taka auduga. Gwajin jini ne mai sauƙi, maganinsa kuma allura ce ko ƙwaya. Ka roƙi a haɗa da gwajin halittar maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, domin idan aikinta ya yi ƙasa tunani yakan yi nauyi.

Piriton kuma ba maganin barci ba ne. Yana cikin magungunan da ke toshe wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wurin riƙe abu, kuma shi ne sinadarin da magungunan cutar Alzaima irin su donefezil ke ƙoƙarin ƙarawa. Wato kana shan abin da ke aiki kishiyar maganin mantuwa. Haka Valium da danginsa suke dusashe tunanin dattawa, kuma abin yana ci mini rai yadda ake sayar da su a kan teburi kamar alewa.

Maganar hawan jini ita ce ta fi tayar mini da hankali. Hawan jini ba ya sallama, yawancin lokaci babu ciwon kai babu komai, kuma a kwanakin da kake jin lafiya ba ka shan magani, a kwanakin ne yake aikinsa a kan ƙananan hanyoyin jinin da Likita ya ambata. Maganin na kullum ne. Akwai wani babban bincike a Amurka da aka buga sakamakonsa a 2019, wanda ya nuna cewa waɗanda aka matsa aka saukar da hawan jininsu sosai sun fi sauran tsira daga raguwar fahimta ta matakin farko.

Ina kuma roƙonka ka guji masu tallar maganin ƙarin ƙwaƙwalwa a cikin danfo da bakin tasha. Ko ganyen ginko da aka fi yayatawa an gwada shi a kan dattawa fiye da 3,000 a Amurka, sakamakon ya fito a 2008, bai hana cutar mantuwa ba. Ka tambayi Hajiya mai ɗakinka ko kana minshari mai ƙarfi har numfashi ya ɗauke, domin wannan ma cuta ce mai zaman kanta da ke hana ƙwaƙwalwa hutawa ko da an kwana a gado.

Maman 'Yan Biyu, Agege:

Baba Alhaji, ina gaisuwa. Ni ba likita ba ce, amma na yi jinyar surukata shekara biyar a wannan cuta har Allah ya karɓi abarsa, kuma magana ɗaya a wasiƙarka ta sa na kasa yin shiru, inda ka ce ka kasa faɗa wa mai ɗakinka.

Inna, wato surukar tawa, ba ta taɓa cewa tana mantuwa ba, ko sau ɗaya. Mu ne muka gani. Ta fara da zuba gishiri sau biyu a miya, sai maimaita tambaya guda sau goma a wuni, sai ta ɓoye kuɗinta a cikin matashi ta manta, ta tara jikoki ta ce su suka sace. Idan Magariba ta gabato sai ta ɗaura ƙullin kayanta ta ce za ta tafi gida iyayenta na jiranta, alhali iyayen sun fi shekara arba'in a ƙasa. Mun yi kusan shekara biyu muna cewa sammu ne ko iska, ana rubutu ana ruƙiyya. Ban raina addu'a ba, har gobe da ita nake tsaye, amma da mun haɗa da asibiti tun farko da mun san abin da muke fuskanta, da ba a yi ta zargin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Da aka ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Yaba, maigidana ya ƙi, domin ka san a garin nan idan an ce an kai mutum Yaba, hauka kawai jama'a ke ji. Ba ya so a ce uwarsa ta haukace.

Wata rana ina wanki ta buɗe ƙofa ta fita. Muka yi awa shida muna nema. Wani mai ruwa ne ya gane ta kusa da layin dogo, mutane sun kewaye ta, ba ta jin Yarbanci ba ta jin Turanci, wasu har sun fara cewa mayya ce ta faɗo. Har yau idan na tuna abin da zai iya faruwa da mai ruwan bai biyo ta wurin ba, jikina rawa yake yi. Bayan wannan ne aka kai ta asibiti, kuma tambayoyin da likita ya yi, kusan duka ni ya yi wa, domin ni ce nake wuni da ita.

Shi ya sa nake cewa ka faɗa wa Hajiya. Idan babu komai, ka sauke kaya daga zuciyarka. Idan akwai, ita ce za ta fara gani kafin kowace na'ura, kuma shaidarta likita zai nema. Matar da ta zauna da kai shekara talatin ta san ranar da ka canza ko ba ta faɗa ba, mai yiwuwa kunya da girmamawa ne suka sa ta yi shiru, kai kuma kana ɓoye mata abin da ta riga ta sani. Yadda ka zauna ka tsara wannan wasiƙa, ka tuna buhu uku da matar Ketu da makin da ka samu, Inna ba za ta iya ba ko a shekararta ta farko.

Ɗan Zango:

Da izinin manya, ni ina ganin Baba ya yi gwajin jinin idan yana da hali. Gara mutum ya san abin da ke gabansa tun hankalinsa na jikinsa, ya rubuta wasiyya, ya raba dukiyarsa da ta abokan ciniki, ya nuna wa 'ya'ya inda komai yake. Mun ga gidajen da uba ya rikice aka rasa wanda ya san bashin da ake binsa da wanda yake bi, zumunci ya lalace. Kuma na ji an ce yanzu akwai maganin da ke wanke wannan amiloyid ɗin daga ƙwaƙwalwa. Idan haka ne, me ya sa za a jira?

Likita, Surulere:

Ɗan Zango, damuwarka tana kan hanya, amma wasiyya da rubuta bashi ba sa jiran sakamakon gwaji. Duk mai shekara 63 da dukiyar mutane a hannunsa ya kamata ya yi su a wannan makon, addini ma haka ya koyar.

Magungunan da ka ji gaskiya ne akwai su. An amince da lekanemab a Amurka a 2023, da donanemab a 2024. Ta jijiya ake ɗura su, suna rage amiloyid sosai, amma ba sa warkarwa kuma ba sa dawo da abin da ya tafi. A gwajin lekanemab an ga ya rage saurin lalacewar da kimanin kashi 27 cikin ɗari a wata 18. Suna iya kawo kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa, don haka sai ana maimaita hoton MRI, ga tsada mai yawa. Kuma ana ba da su ne ga wanda gwaji ya riga ya tabbatar da raguwar fahimtarsa. Mutum irin Baba, wanda ya ci gwaji, ba ya cikin waɗanda ake ba wa, ko a Amurka yake zaune. To idan sakamakon jini ba zai canza maganin da za a ba shi yau ba, abin da zai ƙara masa shi ne fargaba, kuma fargaba da baƙin ciki su kansu suna kawo mantuwa.

Baba, ban amsa maka maganar gado ba. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta yi cutar, haɗarinsa ya ɗan fi na wanda ba haka ba, amma wannan ba hukunci ba ne. Nau'in da ke bin jini kai tsaye daga uwa ko uba zuwa ɗa ba shi da yawa ko kaɗan, kuma yakan fara da wuri, a shekaru arba'in ko hamsin. Na mahaifiyarka ya fara ne tana dab da tamanin.

Akwai wani aiki da aka yi a ƙasar nan da nake so ka sani. Tun daga 1992 likitocin Jami'ar Badun, cikinsu da marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da na Jami'ar Indiyana suka bi dattawan Yarbawa a unguwar Idikan da baƙaƙen fatar Amurka a birnin Indiyanafolis, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna sabbin masu kamuwa a kowace shekara a Badun ba su kai rabin na Amurka ba, kuma ƙwayar gadon nan ta APOE4, wadda ke ɗaga haɗari sosai a Turawa, tasirinta ya yi rauni a Yarbawan. Daga cikin bambancin da masu binciken suka nuna akwai ƙarancin hawan jini da ciwon suga da kitsen jini a dattawan Badun na wancan lokaci. Ba zan ɗauki wannan in ɗora wa Bahaushen Legas na yau kai tsaye ba, domin abincinmu da zamanmu sun canza, amma ya nuna cewa yadda ake rayuwa yana da babban rabo. Kwamitin masana na mujallar Lancet ma a rahotonsa na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ya ƙiyasta suna da hannu a kimanin kashi 45 cikin ɗari na cutar a duniya. Hawan jini da ciwon suga suna ciki, haka raunin ji da raunin gani da ba a kula da su ba, da shan taba, da rashin motsa jiki, da kaɗaici, da gurɓatacciyar iska, wadda mai wuni tsakanin hayaƙin manyan motoci ya san ta.

Shawarata ita ce a fara da abin da ɗan'uwa mai harhaɗa magunguna ya lissafa, a auna jinka da ganinka, sannan ka nemi takardar turawa zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja. Ka tafi da Hajiya, kamar yadda Maman 'Yan Biyu ta faɗa, maganarta daidai take. Ka karɓi kwafin gwajin da ka sami 27 ka adana shi, domin amfaninsa na gaske shi ne a maimaita bayan wata shida zuwa shekara a kwatanta ka da kanka. Idan maki ya fara sauka, ko Hajiya ta ga kana maimaita tambaya, ko lissafin kuɗi ya fara kuɓuce maka ko an tuna maka, a lokacin ne gwajin jinin da ɗanka ya ambata zai yi ma'ana, kuma likitan da ke bin ka shi zai nema. Idan kuwa wata rana ka ji ruɗewa farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, wannan ba na jira ba ne, asibiti za a nufa a take.

Mai Albasa, Mile 12:

Jama'a, na dawo bayan mako uku don in sanar da ku inda aka kwana, kuma ina yi wa kowa godiya, musamman 'yata Maman 'Yan Biyu, Allah ya jiƙan Inna ya saka miki da Aljanna.

Na faɗa wa Hajiya a daren da na karanta maganarki. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta ga mantuwar da ta wuce ta sunayen jikoki ba, amma ta daɗe tana so ta gaya mini abu biyu: rediyona ya yi ƙara har maƙwabta suna ji, kuma da dare minsharina yakan yanke har sai ta taɓa ni ta ji ko ina numfashi. Shekara uku tana kwana da wannan tsoro ban sani ba.

An auna hawan jinina ya nuna 168 bisa 96, ranar da nake jin kaina wasai. B12 ya yi ƙasa, an fara mini allura. Kunnen hagu an ce jinsa ya ragu, za a sake dubawa. Na daina Piriton, na daina goro bayan La'asar, kuma na bar wa babban yarona jiran motocin dare, ko da yake zuciyata ba ta so ba. Na sayi littafi mai bango mai kauri, duk wanda ya ɗauki buhu ana rubutawa a gabansa. An ba mu ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa a wata mai zuwa, ni da Hajiya.

Ba zan ce tsoron ya tafi ba. Jiya na sake yin ba'adi a sallar Isha'i, kuma da na sallame fuskar mahaifiyata ce ta zo mini. Na gaya wa ɗana ya dakata da maganar gwajin jinin tukuna. Likita, tambaya ɗaya ta rage mini: wannan gwajin numfashin barci da aka ce a yi mini, sai an kwana a asibiti ne, ko akwai na'urar da ake ba mutum ya tafi da ita gida?